Yaya ake ajiye tayoyi da ƙafafun keke a gareji ba tare da sun lalace ba?

Abu Hafsat, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar keke a cikinmu, musamman masu gyara da waɗanda suka daɗe suna hawa. A gidana akwai kekuna huɗu. Ɗaya nawa ne, tsohon Raleigh mai birkin sanda wanda na gada daga mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, sauran ukun kuma na yara ne da suke zuwa makarantar boko da Islamiyya a kansu, biyu daga ciki na gwanjo ne. Ganin yadda farashin kaya ba ya tsayawa wuri ɗaya, duk lokacin da na shiga kasuwar Sabon Gari da 'yan kuɗi a hannu nakan sayi taya ko tub in ajiye domin ranar buƙata. Akwai kuma ƙafafu cikakku guda biyar, wato rim da sifok da hob (cibiyar ƙafar) a haɗe, waɗanda aka cire daga kekunan da suka gama aiki, wasu da tayoyinsu a jiki, wasu tsirara.

Duk waɗannan kayan suna cikin gareji. Garejin rufin kwano ne babu silin, ƙofarsa ta ƙarfe tana fuskantar yamma, don haka idan aka buɗe ta da la'asar rana tana shiga har bangon ciki. A nan motata take kwana, a nan janareta da jarkokin fetur suke, kuma injin jan ruwa yana cikin kusurwa ɗaya. Ƙafafun suna jingine da bango, tayoyin kuma suna jibge a kan siminti. Da na ɗauko wata sabuwar taya zan sa wa keken babban yarona, sai na tarar gefenta ya yi ƙananan tsage-tsage, alhali ba a taɓa hawa kanta ba, ɗaya daga cikin rim ɗin kuma ya yi tsatsa a daidai wurin da yake taɓa ƙasa.

Shin rataye su ya fi ko kwantar da su? A bar iska a cikin waɗanda suke jikin rim, ko a sace ta? Wani maƙwabcina ya ce in riƙa shafa wa tayoyin baƙin mai domin kada su bushe, shin wannan daidai ne? Sannan shekara nawa taya take iya yi a ajiye kafin a ce ba ta da sauran amfani? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon mai gyaran keke, Fagge:

Wa alaikumus salam. Malam Abu Hafsat, kafin komai ina roƙonka kada ka bi shawarar maƙwabcinka, duk da na san da kyakkyawar niyya ya ba ka ita. Baƙin mai da fetur da kananzir da man dizal duk abokan gabar roba ne. Idan ka shafa, tayar za ta yi baƙi tana sheƙi har ka yi zaton ta koma sabuwa, amma man yana ratsa robar ne yana kumbura ta, daga baya sai ta yi laushi ta fara danƙo, ta rabu da zaren da yake riƙe da ita. Taya ba ta buƙatar abin da ya wuce ruwa da ɗan sabulu, sannan a bar ta ta bushe sarai a inuwa kafin a ajiye.

Shawarata ita ce ka raba kayanka kashi biyu, ƙarfe daban, roba daban. Ƙarfe zai iya zama a gareji idan aka kula da shi, amma robar da ba ta jikin rim ba ta da dalilin kwana a wurin da ka siffanta.

Game da ƙafafun, a rataye ake ajiye su, kuma ta rim ake ratayewa, ba ta sifok ba, domin ƙugiyar da ta riƙe sifok guda ɗaya takan lanƙwasa shi. Jingina su da bango yana da illa biyu. Ta farko, siminti yana jan danshi da damina, musamman a watan Agusta, kuma duk inda rim na ƙarfe ya taɓa shi nan tsatsa take farawa, kamar yadda ka gani da idonka. Rim na alminiyam ma bai tsira ba, domin jiƙaƙƙen siminti yana cin sa ya bar farin gari a jikinsa. Illa ta biyu, ƙafar da take ƙasa kowa yana iya ture ta, yaro ya taka ta, ko a jingina buhu a kanta, ko bambar mota ta matse ta da bango, kuma rim ɗin da ya lanƙwashe ta wannan hanya sau da yawa ɗaure sifok ba ya miƙar da shi.

Kada ka buga ƙusa kai tsaye a bulo, domin yawancin bulon da ake bugawa yanzu yashi ya fi siminti yawa a cikinsa, ƙusar za ta yi ta girgiza har ta fito da ɓangaren bango. Ka sa kafinta ya kafa maka katako mai kauri a bango da dogayen kusoshi masu murɗi, a shafa masa maganin gara, sannan a ɗaura ƙugiyoyin a jikinsa. Kowane mai walda zai lanƙwasa maka su da ƙaramin rodi, ba wani abu ne mai tsada ba, kuma ƙafa ɗaya ba ta wuce nauyin kilo 2 zuwa 3 ko da ta tsohon Raleigh ce da tayarta. Ka yanko tsohon tiyo na ruwa ko guntun tsohon tub ka sa wa kowace ƙugiya riga, domin kada ƙarfe ya karce rim, kasancewar duk inda farin fentin rim ya ɓare nan ma tsatsa take samun ƙofa. Faɗin hob na gaba yawanci milimita 100 ne, na baya kuwa yakan kai 120 zuwa 135, don haka ka bar tazarar santimita 20 tsakanin ƙugiya da ƙugiya, ko ka yi ɗaya sama ɗaya ƙasa yadda sandar hob ɗin wannan ba za ta shiga cikin sifok ɗin waccan ba.

Kafin ka rataye kowace ƙafa, ka riƙe sandar hob da hannu biyu ka juya ta. Idan ka ji tana ƙarar yashi ko tana cijewa, a kwance ta, a wanke boris, a cika sabon giris, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da busasshen giris ita take cinye kofin hob, kuma idan kofin ya ramu an yi asarar hob ɗin gaba ɗaya. Ka mayar da notinan sandar a jikinta ka ɗan murɗa su, saboda babu abin da ya kai su saurin ɓacewa a gida mai yara. Ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowane sifok a daidai inda ya shiga rim, domin idan wurin ya ƙame da tsatsa ba za a iya ɗaure shi ba ranar da ake buƙata. Rim na ƙarfe ka goge shi da tsumma mai ɗan mai kaɗan, amma fa ka tuna ka wanke wurin da birki yake kamawa kafin a sake hawa, in ba haka ba yaro zai matsa birki keke ya ƙi tsayawa.

Waɗanda suke da taya a jiki, ka bar musu iska kaɗan, daidai yadda tayar za ta riƙe siffarta amma babban yatsanka yana iya dannawa. Tub yana sace iska a hankali ko da babu huda, don haka ka riƙa taɓa su lokaci zuwa lokaci kana ƙarawa. Abin da yake saurin kashe taya shi ne a bar ta babu iska kuma da nauyi a kanta, domin wurin da ya naɗe nan take tsagewa. Wannan ya shafi keken da aka ajiye lokacin dogon hutu ma.

Malamin kimiyya, Gwale:

Baba mai gyara ya faɗi abin da za a yi, ni kuma zan ɗan yi bayanin dalilin tsagewar sabuwar tayar, domin ina ganin amsar tana cikin jerin kayan da Malam Abu Hafsat ya ce suna garejin.

Abubuwa uku ne suke tsofar da roba ko da ba a amfani da ita: zafi, hasken rana, da wata iska da ake kira ozon. Ita wannan iska tana samuwa ne a duk inda lantarki yake tartsatsi, kamar cikin janareta, da injinan lantarki masu burushi, da wurin walda, kuma ita ce mai ɗan warin nan da mutum yake ji kusa da injin da yake tartsatsi. Kamfanonin taya da kansu suna gargaɗin kada a ajiye taya kusa da irin waɗannan injina. Ozon tana yanka sarƙoƙin sinadarin da suka haɗa roba, kuma ta fi yin ɓarna a wurin da robar take a miƙe ko a lanƙwashe. Shi ya sa tayar da take ƙasan jibgi, wadda nauyin sauran ya murɗe ta, takan riga ta sama tsagewa. Idan ka duba tsagar da kyau za ka ga ƙanana ce, jere da juna, kuma tana gicciye da ɓangaren da robar ta miƙe.

Masu yin taya sun san da wannan matsala, don haka suna zuba wani irin kaki da wasu sinadarai a cikin robar, waɗanda suke fitowa fatar tayar a hankali su kare ta. Wannan shi ne farin abu ko ruwan ƙasa da kake gani a jikin sabuwar taya, wanda wasu suke zaton datti ne su kankare shi. Fetur da baƙin mai suna narkar da wannan kariyar, ƙarin dalili ke nan a kan abin da Baba ya faɗa. Kuma juyawa da lanƙwasawar da taya take yi a kan hanya suna taimaka wa sinadarin ya ci gaba da fitowa, shi ya sa wani lokaci tayar da ake hawa kullum take fin wadda aka jibge kyawun fata.

Batun zafi kuwa, a Kano cikin watan Afrilu zafin inuwa yakan kai digiri 40, ƙarƙashin kwanon da babu silin kuma ya zarce haka sosai. Akwai wani ƙiyasi da masana sinadarai suke amfani da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin irin wannan lalacewa sau biyu. Ba doka ce mai daidaito ɗari bisa ɗari ba, amma tana nuna cewa bazara ɗaya a garejinka tana iya yi wa taya abin da lokaci mai tsawo zai yi mata a ɗaki mai sanyi. Saboda haka ina da ɗan ƙari a kan maganar ratayewa: kada a kai ƙugiyoyin can sama kusa da kwano, inda zafin yake taruwa, kuma a zaɓi bangon da ranar la'asar ba ta kaiwa.

Tambayarka ta shekaru ba ta da amsa guda. Tayar mota tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, amma yawancin tayoyin keke ba su da irin wannan lamba da mai saye zai iya karantawa, don haka ba ka san tsawon zaman da ta yi a shago ba kafin ta zo hannunka. Ido da hannu ne alƙalai. Ka matse gefenta tsakanin yatsu a wuri mai haske. Idan tsagar a fata kawai take, ana iya ci gaba da amfani da ita a tafiyar cikin unguwa. Idan kuwa kana hango zare a cikin tsagar, ko robar ta ƙandare tana ɓarewa, ko wayar bakin tayar ta yi tsatsa, to ba ta dace da keken yaro ba, musamman a ƙafar gaba.

Ba zan rufe ba sai na ce janareta da jarkokin fetur da tarin taya a ɗaki guda haɗari ne da ya wuce batun ajiya. Wutar taya tana da wuyar kashewa, hayaƙin janareta kuma a rufaffen wuri yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Umman Sadiƙ, Hotoro:

Ni abin da zan ƙara daga ɓangaren cikin gida ne. Tayoyi da tub na yarana a ƙarƙashin gado nake ajiye su, a kwance, a cikin babban kwali, kuma ba na ɗora fiye da uku ko huɗu a kan juna. Wurin yana da duhu, ya fi ko'ina sanyi a gidan, kuma babu mai jan su ya yi wasan gare-gare da su a tsakar gida. Tub kuwa nakan fitar da iskarsa duka, in barbaɗa masa hoda, in naɗe shi sakwa-sakwa da bawul ɗin a waje da murfinsa a kai, sannan in sa shi a leda in ɗaure. Hodar tana hana shi manne wa kansa da bazara. Ba na ɗaure shi da robar ɗaure kuɗi, domin takan narke ta manne a jikinsa.

Sai dai a kula da abu biyu. Ɓera yana son kwali, kuma idan ya shiga ba ya barin tub, don haka wanda gidansa yake da ɓeraye gara ya sayi babbar roba mai murfi a Ƙofar Wambai. Sannan kada a rufe komai a leda da damina sai an tabbatar ya bushe ƙarau, musamman tayar da take da waya a bakinta, domin danshin da aka kulle a ciki ya fi wanda yake waje ɓarna.

Ɗan tseren keke, Nasarawa:

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Ina so in jawo hankalin Baba Abu Hafsat ga wani abu da ba a taɓo ba, wato lambar girman taya, domin mai kekuna huɗu iri daban-daban yana iya tara kayan da ba za su shiga ko ɗaya daga cikinsu ba. Lambar inci da muka saba da ita tana ruɗarwa. Tayar tsohon Raleigh ita ce 28 x 1½, kuma faɗin rim ɗinta milimita 635 ne, amma akwai wata da ake rubuta wa 28 x 1.75 wadda take hawa rim mai milimita 622, irin na yawancin kekunan gwanjo da suke zuwa daga Turai. Duka biyun 28 ake ce musu a kasuwa, amma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Haka nan 26 x 1⅜ milimita 590 ce, ita kuwa 26 x 1.95 ta keken hawan dutse 559 ce. Abin dogaro shi ne lambar da take da ɗan layi a tsakiya, kamar 40-635 ko 47-622, inda ta farko take nuna kaurin taya, ta biyu kuma faɗin rim. Ka rubuta wannan lamba da sunan mai keken a ɗan kati ka ɗaura a jikin kowace ƙafa da kowace leda.

Idan wuri ya yi ƙaranci, tayar da take da waya a baki ana iya murɗa ta ta zama zobe uku ba tare da wayar ta karye ba, kuma masu gyara sun iya wannan, amma ba a ninke ta biyu kamar tufa, domin wayar da ta yi gwiwa ba ta sake zama daidai a rim. Ni dai na fi son a bar ta a buɗe idan ajiyar za ta daɗe. Haka kuma ban goyi bayan rataye taya tsirara a ƙusa guda ba, domin nauyinta yana taruwa a wuri ɗaya ta yi tsini a nan.

Idan a cikin kekunan gwanjon akwai mai birkin faifai, to a kula ƙwarai kada mai ko giris ya taɓa faifan, kuma kada ƙafar da take kusa ta danne shi, domin siriri ne, ɗan matsi kaɗan yake lanƙwasa shi.

Abu Hafsat, Rijiyar Zaki:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Na duba lambobin kamar yadda ɗana na Nasarawa ya ce, kuma tayoyi biyu da nake lissafa su a matsayin na Raleigh ashe 622 ne, sai dai an yi sa'a suna shiga ɗaya daga cikin kekunan yaran. Tayoyi da tub za su koma ɗaki, janareta kuma zan sa a yi masa rumfa a bayan gida. Saura tambaya ɗaya ga Baba mai gyara: ƙafafun da suke da taya a jiki, in cire tayoyin in kai ɗaki in rataye rim tsirara, ko in bar su yadda suke tunda janaretan zai fita?

Tsohon mai gyaran keke, Fagge:

Ka bar ƙafa ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya a haɗe da iskarsu, waɗanda suka dace da keken da aka fi hawa, domin ranar da yaro ya tashi da faci da sassafe sai a canza ƙafar kawai ya tafi makaranta, a kai ɗayar wurin mai faci daga baya. Ka rufe su da tsohon zane saboda ƙura da rana. Sauran ka cire tayoyin, kuma idan ka cire ka duba ƙyallen da yake kwance a cikin rim yana rufe kan sifok, domin a ƙarƙashinsa ruwa yake maƙalewa, kuma rim ɗin da yake sheƙi a waje yana iya zama ya ci tsatsa a ciki. Ka kankare da burushin waya, ka shafa fenti ko ɗan giris, ka sa sabon ƙyalle.

Sannan ka rage saye, Malam. Taya ɗaya da tub biyu ga kowane girma sun isa gida, kuma duk lokacin da za a sa, a fara da wadda ta fi daɗewa a ajiye. Kuɗin da ka ware na sauran gara ka sayi sifok da boris da sarƙa, waɗanda idan aka shafa musu giris aka naɗe su a leda ba ruwansu da zafin Afrilu. Ƙafafun Raleigh ɗin mahaifinka kuwa, idan rim ɗinsu na asali ne mai tudu a tsakiya, irin wanda birkin sanda yake kamawa daga ciki, ka fara da su, domin samun mai kaurinsu a kasuwa yanzu sai an sha wuya.